Gargaɗi: masu sayen tsohuwar laftof da ke cewa "za mu goge maka kyauta"

Salamu alaikum jama'ar Zango. Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa 'yan uwa, musamman mata da masu shaguna.

Akwai wasu samari da ke yawo tsakanin Nima, Mamobi da Sabon Zango a nan Accra, wani lokaci kuma su tsaya a bakin Tip Toe Lane da ke Circle, suna sayen tsohuwar laftof. Ba masu shago ba ne, jaka ce kawai a bayansu. Suna taya kaya da tsada fiye da kowa, sannan su ce kada ka wahalar da kanka, su za su goge maka komai a gabanka ba ko sisi. Abin da ke cikin laftof ɗin suke so, shi ya sa ba sa jan ciniki.

Ƙanwar matata ce ta faɗa hannun ɗayansu kafin azumi. Ta ce masa, "Malam, akwai hotunana a ciki fa." Ya ce, "Haba Hajiya, kwantar da hankalinki, yanzu zan yi mata fomat ki gani da idonki." Ya soka filas, ya danna nan ya danna can, ko minti uku ba a yi ba ya juyo mata da kwamfutar, fayau babu komai. Ta karɓi sidi 900 ta dawo tana murna. Bayan mako uku sai ga saƙo a WhatsApp daga baƙuwar lamba: hoton Ghana Card ɗinta gaba da baya, da hotunan da ƙawaye suka ɗauke ta a ɗaki ranar lallen bikinta, ko ɗankwali babu. Wai ta tura sidi 3,000 ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ko ta ga kanta a Facebook. Yarinyar nan kwana biyu ba ta ci abinci ba kafin ta iya faɗa wa yayarta.

Idan ka share fayil, ko ka kwashe kwandon shara, ko aka yi fomat na gaggawa, sau da yawa kwamfuta ba ta taɓa abin da ke kan faifan ajiya ba. Kamar gidan haya ne a Nima: mai gida ya soke sunanka a littafinsa ya ce ɗaki ya fita, amma katifarka da akwatinka suna nan ciki har ranar da wani ya tare. Kafin ranar, duk mai mabuɗi zai shiga ya kwasa. Mabuɗin kuwa kyauta ne a intanet, manhajoji irin su Recuva da PhotoRec, waɗanda aka yi don taimakon wanda ya share abu bisa kuskure. Gogewa ta gaskiya sai an bi faifan lungu-lungu an rubuta wani abu a kan tsohon, kuma a tsohon faifai mai juyawa na gigabait 500 wannan aikin awoyi yake ci. Wanda ya gama cikin minti uku bai goge komai ba.

Kuma ba yau aka fara ba. A 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga jami'ar British Columbia ta Kanada sun sayi tsohon faifai a kasuwa a nan Ghana kan dala 40, suka tarar da takardun kwangilolin gwamnatin Amurka na kamfanin Northrop Grumman a ciki. In na manya ya fita haka, ina ga naka da nawa? An rushe bolar tsofaffin kayan lantarki ta Agbogbloshie a 2021, amma sayen matattun kwamfutoci bai tsaya ba. Ku sani kuma, laftof kan mutu faifanta na raye. Ana zare shi a jona da wata kwamfutar a karanta tsaf.

Don haka gogewa a gida ake yi, kafin kaya ya fita ƙofa. A Windows 10 ko 11 ka shiga Reset this PC, ka zaɓi Remove everything, sannan ka buɗe Change settings ka kunna Clean data. Nan mutane ke yin tsallake saboda yana daɗewa. Ka jona caja ka bar shi ya kwana yana yi, in dumso, wato ɗauke wuta, bai yi maka tsiya ba. Tsohon faifai mai juyawa ana iya bin sa da manhajar gogewa mai suna DBAN, kuma sau ɗaya ya isa. Masu karɓar ƙarin kuɗi wai za su goge maka sau 35, wannan dabara ce ta 1996 da aka tsara don faifan wancan zamani, yanzu cin kuɗi ne kawai. Sabon faifai irin SSD kuwa yana da wuraren da rubutu a kai ba ya kaiwa, gara a fara kulle shi da BitLocker, makullin bayanai na Windows, in akwai, kafin a goge, ko a yi amfani da manhajar gogewa ta kamfanin da ya ƙera shi. In duk wannan ya yi maka yawa, ka sa a zare faifan a gabanka ka tafi da abinka gida, ka sayar da gangar jikin. Ni dai haka nake yi, wanda na gama da shi kuma in kai wa mai walda ya huda shi.

Waya ta fi sauƙi, domin iPhone da Android na yanzu a kulle suke ajiye bayanai, mayar da su yadda suka fito daga kamfani ya wadatar. Amma ka fita daga asusunka na Google, ka cire sim da memori. Memorin nan shi ake mantawa.

Wanda aka riga aka yi wa barazana kada ya tura ko pesewa ɗaya, in ka biya sau ɗaya za su dawo. Ka adana saƙonnin da lambar MoMo ɗin, ka kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa. Dokar 2020, wato Act 1038, ta haramta yi wa mutum barazana da hotunansa na sirri. Mu mun kai ƙara, ba mu biya ba, lambar tana kashe har yau, shi kuma ba a kama shi ba tukuna. Idan irinsa ya taya kayanka, ce masa za ka cire faifan kafin ka miƙa. Wani maƙwabcinmu ya gwada haka a Circle, nan take mutumin ya ce ya fasa saye.