Fotugal ko Holan: Wa Ya Fi Matsa wa Ingila a Gabas a Ƙarni na 17?

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko wanne ne ya fi zame wa Turawan Ingila ƙarfen ƙafa a ƙasashen Gabas a ƙarni na 17, Fotugal ko Holan, kuma ka ce abin da ya ɗaure maka kai shi ne yadda mutanen da suka fita neman kanumfari da masoro a tsibiran Indonesiya suka ƙare da kafa gindinsu a Indiya. Amsa ɗaya ce take warware tambayoyin biyu. A ganina Holan ce ta fi cutar da su nesa ba kusa ba, duk da cewa Fotugal ce maƙiyiyarsu ta fili, ita kuwa Holan ana ɗaukarta ƙawa.

Da farko ya kamata a san yadda kowa ya shigo fagen. Fotugal ta riga kowa da shekara ɗari, domin tun 1498 Vasco da Gama ya isa Kalikut, suka kama Gowa a 1510, Malaka a 1511, sannan Hormuz a 1515. Harkarsu ta gidan sarauta ce, wakilin sarki yana zaune a Gowa, kuma babbar hanyar samunsu ita ce tilasta wa jiragen 'yan kasuwar Asiya sayen takardar izinin ratsa teku, wanda bai saya ba a ƙwace jirginsa. Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya ya sami takardar kafuwa daga Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a ranar 31 ga Disamba, 1600, na Holan kuma ya biyo baya a 1602. Sai dai tazarar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce. Jarin tafiyar farko ta 'yan Ingila bai wuce fam dubu 68 da 'yan kai ba, kuma a shekarun farko kowace tafiya da nata jarin, a raba riba idan jirage sun dawo. Kamfanin Holan ya fara da gilda (kuɗin Holan) sama da miliyan 6, kuɗin da aka bari a cikin harkar, ga kuma ikon gina ganuwa, ɗaukar soja da ƙulla yarjejeniya da sarakuna da sunan gwamnatinsa.

Rigimar Ingila da Fotugal a gaɓar yammacin Indiya da Tekun Fasha ta gudana, kuma abin da ake nema a cikinta shi ne shiga. Lokacin da William Hawkins, wakilin kamfanin Ingila, ya sauka a Surat a 1608 ya wuce zuwa fadar Jahangir, sarkin daular Mugal ta Indiya, a Agra, 'yan Fotugal sun yi amfani da tasirinsu har ya bar fadar ba tare da tabbataccen izinin ciniki ba. Abin da ya sauya lamarin shi ne faɗan da aka yi a Suwali, kusa da Surat, a ƙarshen 1612. Thomas Best yana da jirage biyu ne kawai, ya fuskanci manyan jiragen yaƙin Fotugal huɗu a ruwa mai cike da tudun yashi, inda wasu daga cikin manyan jiragen suka kafe, jama'a da jami'an daular Mugal suna tsaye a gaɓa suna kallo. Ba wani gagarumin yaƙi ba ne idan aka ƙirga gawa, amma waɗanda suka gani da idonsu sun fahimci cewa akwai wanda zai iya taka wa Fotugal burki a teku. A 1615 Nicholas Downton ya maimaita hakan a wuri guda, a wannan karon da rundunar da wakilin sarki da kansa ya jagoranto daga Gowa.

Fotugal ma ta taimaka wajen haƙa wa kanta rami. A 1613 jiragenta suka kama Rahimi, babban jirgin mahaifiyar Jahangir, wanda yake jigilar kaya da mahajjata tsakanin Surat da Bahar Maliya, ga shi kuwa yana ɗauke da takardar izinin da su da kansu suka bayar. Sarki ya fusata ƙwarai, ya sa aka rufe cocin da ke Agra, aka kuma kewaye garinsu na Daman. Daular Mugal tana da ƙarfin ƙasa wanda babu Baturen da ya isa ya tunkara a lokacin, amma ba ta da rundunar ruwa da za ta kare hanyar aikin hajji da ta ciniki, don haka zuwan wasu Turawa masu igwa waɗanda ba sa ga maciji da Fotugal ya yi mata daidai. Irin wannan lissafi ne Shah Abbas na Farisa ya yi a 1622, lokacin da jiragen Ingila suka taya sojojinsa ƙwace Hormuz, aka saka wa kamfanin da kaso daga kuɗin fito na tashar Bandar Abbas. Ke nan duk nasarar da Ingila ta samu a kan Fotugal ƙofa take buɗe mata a fadar wani babban sarki.

Kuma wannan gaba ba ta yi tsawon rai ba. A 1635 William Methwold, shugaban kamfanin a Surat, ya ƙulla sulhu da wakilin sarki a Gowa, daga nan tashoshin Fotugal suka fara karɓar jiragen Ingila. Bayan Fotugal ta ɓalle daga Sifaniya a 1640 ta shiga neman majiɓinci, har ta kai ga auren Sarki Charles na Biyu na Ingila da Catherine ta gidan Braganza, gimbiyar Fotugal, inda yarjejeniyar 1661 ta sa tsibirin Bombay cikin abin da amarya ta zo da shi. Jami'an Fotugal da ke Indiya sun ja ƙafa har 1665 kafin su miƙa shi, domin sun san darajar tashar fiye da waɗanda suka sa hannu a Lizbon, sannan a 1668 sarki ya ba kamfanin hayarsa a kan fam 10 a shekara.

Lamarin Holan dabam ne, kuma a nan ya kamata a dakata sosai. Ƙasashen biyu 'yan Furotesta ne, sojojin Ingila sun taya Holan yaƙin neman 'yanci daga Sifaniya, kuma a Gabas ma sun sha haɗa jirage a kan Fotugal, har a 1626 suka kai wa Bombay hari tare suka ƙona ta. Amma kaya iri ɗaya suke nema a kasuwa ɗaya, kayan kuma ba a ko'ina suke fitowa ba. A wancan zamani gyaɗar ƙamshi a 'yan tsibiran Banda kaɗai ake samunta, kanumfari kuma a tsibiran Maluku da Ambon. Wanda duk ya rufe waɗannan 'yan wurare ya riƙe farashin duniya a hannunsa, kuma babu wani Jahangir ko Shah Abbas a can da zai tsawata wa mai igwa. Jan Pieterszoon Coen, gwamnan kamfanin Holan wanda ya rushe Jayakarta ya gina Batabiya a kan kufanta a 1619, ya fahimci wannan sarai, kuma a wurinsa ɗan Ingila mai ƙara wa manomi kuɗi a ɓoye ya fi jirgin yaƙin Fotugal haɗari.

Tsibirin Run, ɗaya daga cikin tsibiran Banda, wanda tsawonsa bai wuce kilomita uku ba, shi ne ya nuna iyakar ƙarfin Ingila. Nathaniel Courthope ya riƙe shi da 'yan tsirarun mutane daga 1616, jiragen Holan sun datse masa abinci da ruwan sha, har aka kashe shi a 1620. A Turai kuwa shugabannin kamfanonin biyu sun riga sun sa hannu a wata yarjejeniya a 1619, wadda ta ba Ingila kashi ɗaya bisa uku na kayan ƙamshin tsibiran, bisa sharaɗin ta biya kashi ɗaya bisa uku na kuɗin tsaron ganuwoyi. A takarda adalci ne, a aikace kuwa ya mayar da 'yan Ingila tamkar ɗan haya a gidan kishiyar uwarsa, domin Holan ce take rubuta lissafin kuɗin, ita take da soja, ita take yanke shari'a.

Ƙarshen wannan zama shi ne abin da ya faru a Ambon a farkon 1623. An kama wani sojan haya ɗan Japan yana tambayoyi game da tsaron ganuwa, aka azabtar da shi har ya ambaci wata maƙarƙashiya, sannan aka kamo ma'aikatan kamfanin Ingila. Ana ɗaura wa mutum ƙyalle a wuya a tattaro shi sama da fuskarsa, a yi ta zuba ruwa har ya rufe masa baki da hanci, ba ya iya numfashi sai ya haɗiya, har ya faɗi abin da ake son ji. Bisa wannan ikirari aka fille kan 'yan Ingila goma, ciki har da shugabansu Gabriel Towerson, da 'yan Japan tara da wani ɗan Fotugal ɗaya. Ingila ta shafe shekaru tana kuka da wannan, sai a 1654, bayan yaƙin farko tsakanin ƙasashen biyu, Cromwell, shugaban Ingila a lokacin, ya karɓo diyyar fam dubu 85 ga kamfanin da fam 3,615 ga magadan mamatan.

Abin da yake ci mini rai a duk lokacin da aka zo wannan gaɓa shi ne yadda mutum goma suka danne labarin dubbai. Shekara biyu kafin Ambon, a 1621, Coen ya afka wa tsibiran Banda waɗanda suke da mutane kusan dubu 15, Musulmi 'yan kasuwa da suka daɗe suna ciniki da Larabawa, Jabawa da 'yan Indiya. Aka kashe dattawansu, yunwa ta ci wasu a kan duwatsu, aka kwashe wasu bayi zuwa Batabiya, wasu suka tsere a kwale-kwale, har ƙasar ta kusa zama kufai aka raba gonakinta ga Turawa masu noma da bayi. Laifinsu shi ne sun ƙi yarda su sayar wa mai saye ɗaya. 'Yan Ingila da suka yi musu alkawarin kariya suna nan kusa, ba su ɗaga yatsa ba, domin yarjejeniyar 1619 ta riga ta ɗaure su da Holan.

Akwai gyara guda da ya kamata a yi wa yadda aka saba ba da labarin, wato cewa Ambon ce ta kori Ingila daga yankin dare ɗaya. Tun kafin kisan, rashin riba ya sa kamfanin yana shirin rufe ƙananan rassansa, kuma a shekarar 1623 ɗin ya rufe na Hirado a Japan. Bayan haka ma ya ci gaba da sayen masoro a Bantam da kanumfarin fasa-ƙwauri a Makasar na tsawon shekaru. Holan ta bi waɗannan ƙofofi ne tana rufewa ɗaya bayan ɗaya: Makasar a 1667, Bantam a 1682, har Ingila ta koma Benkulen a gaɓar Sumatra a 1685. A yarjejeniyar Breda ta 1667 kuma Ingila ta haƙura da Run gaba ɗaya, ta riƙe tsibirin Manhattan da ta ƙwace daga Holan a Amurka.

Kada a manta cewa mafi yawan asarar Fotugal ma a hannun Holan ta same ta, ba a hannun Ingila ba: Malaka a 1641, Kolombo a 1656, Kochin a 1663. Wannan ne ma ya ƙara tura Fotugal jikin Ingila.

Game da komawarsu Indiya, ba hangen nesa ne ya kai su ba, can ne kawai Holan ba ta da ikon korarsu, domin ƙasar tana da masu ita. Sir Thomas Roe, jakadan Ingila a fadar Jahangir daga 1615 zuwa 1619, ya shawarci kamfanin da ya nemi riba a teku da ciniki cikin lumana, ya guji kashe kuɗi a kan ganuwa da soja kamar yadda Fotugal da Holan suke yi. Sun bi shawarar ne gwargwadon rauninsu, domin sun gina ganuwa a Madras bayan 1639, kuma da suka gwada ƙarfi da Aurangzeb, sarkin Mugal na lokacin, tsakanin 1686 da 1690 sun sha kashi har sai da suka nemi afuwa suka biya tara. Abin da ya cece su shi ne sauyin kasuwa. A rabin ƙarshen ƙarnin Turai ta koma son yadin audugar Indiya, siliki, shuni da sinadarin haɗa albarushi, kayan da ake samarwa a dubban ƙauyukan masaƙa daga Gujarat zuwa Bengal, waɗanda babu rundunar ruwan da za ta iya kewayewa kamar yadda aka kewaye Banda. Holan ma tana sayen wannan yadi da yawa, amma a matsayin mai saye cikin masu saye. Zuwa 1690, lokacin da Job Charnock, jami'in kamfanin Ingila, ya kafa sansani a inda ya zama Kalkata, William na Holan ya riga ya hau gadon sarautar Ingila tun 1689, kuma hankalin ƙasashen biyu ya koma kan Faransa.