Sharhi kan samfurin Zeppelin-Staaken R.VI mai awon 1/72

Wanda bai taɓa haɗa ƙaramin samfurin jirgin sama na roba mai fukafukai hawa biyu ba, kada ya fara da wannan kwalin. Ainihin jirgin, ƙaton jirgin Jamus mai jefa bam, faɗin fukafukansa mita 42.2 ne, don haka ko da aka rage shi sau 72, abin da zai zauna a kan tebur ya kusa santimita 59, tsawon jikinsa kuma wajen 31. A nemi wurin ajiya tun kafin a buɗe gam.

Jamus ta ƙera guda 18 kacal a Yaƙin Duniya na Farko, wasu a Staaken kusa da Balin, sauran a masana'antun Aviatik, Schütte-Lanz da Albatros. Injuna huɗu ne, biyu-biyu a kowane gidan inji, na gaba yana ja, na baya yana turawa, kuma makanike na zaune a tsakaninsu yana gyara jirgi na tafiya a sama. Wannan kujerar makanike da injunan su ne suka fi burge ni a kwalin. Sai dai a gama fentinsu tsaf kafin a rufe gidan injin, domin bayan nan burushi ba ya shiga.

Wahalar duk tana ga fiffiken sama. Roba ce doguwa, siririya, nauyinta kuma yana sa bakinta ya sunkuya bayan 'yan watanni. Maganinsa a huda mahaɗar sassan fiffiken, a zura sandar tagulla mai kaurin milimita 1, ta shiga kamar santimita 3 ta kowane ɓangare. Ginshiƙan da ke tsakanin fukafukan ba za su iya ɗaukar nauyin su kaɗai ba. A yanka kwali mai kauri a yi madogara huɗu masu tsayi ɗaya, a ɗora fiffiken a kansu, a fara manna ginshiƙan da ke kusa da jiki, a bari su kwana, sannan a ci gaba zuwa waje. Mai gaggawa ya manna duka a zama ɗaya zai tarar fiffiken ya murɗe, kuma ba ya gyaruwa sai an ɓalle.

Wayoyin da ke ɗaure fukafukan ba ado ba ne a nan, su ke riƙe samfurin kamar yadda suka riƙe jirgin. Zaren fatsa na milimita 0.1 ya fi zare mai talewa, saboda yana ja da gaske. A huda ramukan milimita 0.3 tun kafin fenti, a ɗiga sufa-gulu da bakin allura. A riƙa ɗaure hagu da dama bi da bi, in ba haka ba ɓangare ɗaya zai rinjayi ɗaya.

Zanen ɓad-da-kama mai kusurwoyi da duhun launi, na tashin dare, da sitikar ruwa ake yin sa. Kada a nemi shimfiɗa babban falle gaba ɗaya: a yanka gunduwa-gunduwa, a jiƙa a ruwan ɗumi, a ɗora a kan fenti mai sheƙi. A kan fenti marar sheƙi iska takan maƙale a ƙasa, ta bar farin tabo.

Tayoyi 18 ne, 16 a ƙarƙashin gidajen inji, biyu a hanci. A manna goma sha shidan nan samfurin na tsaye a kan gilashi, don kowace ta taɓa ƙasa. Na hancin kuwa a sama suke tsayawa idan jirgin ya zauna a kan jelarsa, ba kuskure ba ne.

Wanda ke son samfurinsa ya zama na wani takamaiman jirgi, R.39 ya fi tarihi. Na rundunar Rfa 501 ne da ke tashi daga kusa da Ghent a Beljiyam, kuma shi ya jefa bam mai kilo 1,000 a kan asibitin tsofaffin sojoji na Chelsea a Landan, a Fabrairun 1918. Daga Satumban 1917 zuwa Mayun 1918 waɗannan ƙattai suna kai hari Ingila, Turawan Ingila ba su kakkaɓo ko ɗaya a sararinsu ba. Amma a duba hotunan jirgin da aka zaɓa kafin a sayi kwali, don akwai masu injin Maybach, akwai masu Mercedes, kuma gidan injinsu ba iri ɗaya ba ne.