Hattara da mai cewa zai zaga da ku birnin Faris, da Hausarmu ya damfare mu

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, don ba mai daɗin faɗa ba ce. Abin da ya hana ni ci gaba da shiru shi ne shekaranjiya na sake cin karo da shafin mutumin a Facebook. Ya canza suna, amma hotunan su ne dai, har da wanda ya ɗauka a dandalin Trocadéro, hasumiyar Eiffel a bayansa. A ƙarƙashin hoton ga wata baiwar Allah tana tambaya, "Malam, nawa ne na mutum huɗu?" Ina karantawa gabana ya faɗi, don tambayar da na yi masa ke nan a farkon shekarar 2025.

Kawuna ya shafe shekara talatin da ɗoriya yana koyar da Faransanci a makarantun sakandare, bai taɓa taka ƙasar Faransa ba. Da alli ya riƙa zana wa ɗalibai hasumiyar nan a allo, yana gaya musu an gama ta a 1889. Da ya yi ritaya, mu 'ya'ya da 'ya'yan 'yan'uwa muka yi karo-karo domin a kai shi ya gani da idonsa, shi da Inna, ni kuma aka ce in raka su. Biza ta fito bayan ƙaramar Sallah, muka sa tafiya a watan Mayu.

Sai matsalar tikiti ta taso. Wuraren kallo na Faris ta intanet ake kama musu wuri, a biya da kati, a zaɓi rana da awa. A lokacin kuwa yawancin bankunanmu sun dakatar da biyan kuɗi a shafukan waje da katin naira. Na gwada har sau uku, katina ya ƙi. Ana cikin haka wani ya turo mini shafin mutumin nan. Lambarsa ta WhatsApp da +33 ta fara, wato ta Faransa. Na yi masa sallama, ya amsa da saƙon murya, Hausa tsantsa, har da tambayar iyali da yadda muka sha ruwa. Da ya ji labarin Kawu sai ya ce, "Allahu Akbar, ai malaminmu ne gaba ɗaya, wallahi hidimarsa lada ce." Daga ranar bai sake kiran Kawu da wani suna ba sai Baba Malam.

Nan ne ya kama ni. Ban tambaye shi takardar komai ba, saboda a kunnena ɗan gida ne. Ya ce kada in wahalar da kaina da kati, in tura naira asusun ƙanwarsa a gida, shi zai biya da Yuro a can. Ya jero mini abin da ke cikin kuɗin: ɗauko mu daga filin jirgi, hawa ƙololuwar Eiffel ba tare da bin layi ba, gidan tarihi na Louvre, jirgin ruwa a kogin Seine, shiga cocin Notre-Dame, da kuma kama mana wuri a babban masallacin Faris ranar Juma'a, wai saboda cunkoso sai da rajista. Duka Yuro 600 mu uku, kuɗin da a canjin lokacin ya haura naira miliyan ɗaya. Na nemi ragi, ya ce don Baba Malam ma ya bar shi haka. Na tura. Sunan da ya fito a rasit na mace ne, kuma bai yi kama da nasa ba ko kaɗan. Na lura da hakan, amma na ce ai ya riga ya faɗa mini ta ƙanwarsa ce.

Ranar Lahadi muka sauka a filin jirgi na Charles de Gaulle. Bai zo ba. Ya turo murya cewa an riƙe shi a wurin aiki, amma ga yaronsa nan. Wani mutum ya tare mu tun cikin zaure, ya kai mu wata mota marar fitilar tasi a samanta, muna isa otal kusa da tashar Gare du Nord ya ce Yuro 120, shi ba wanda ya biya shi. Inna ta gaji, ƙafarta ta kumbura, na biya. Mai karɓar baƙi a otal ɗin ne ya gaya wa Kawu cewa tasin gaskiya daga filin jirgin nan kuɗinta a ƙayyade yake, Yuro 56 zuwa ɓangaren arewacin kogi inda muke, 65 zuwa na kudu, kuma direban gaskiya a layin tasi yake jira, ba ya shiga zaure farautar fasinja. Jirgin ƙasa na RER B ma yana zuwa har Gare du Nord, kuɗinsa a lokacin Yuro 13 ne.

Litinin da hantsi muka tafi Eiffel. Kawu ya sa babbar rigarsa ta shadda, wadda yake zuwa Idi da ita. Mun wuce binciken jami'an tsaro, wanda kowa sai ya bi layinsa ko wane irin tikiti ne a hannunsa, muka isa ƙofar lifta. Na miƙa wayata da tikitin da mutumin ya turo, mai lambar nan ta ɗigo-ɗigo da ake haskawa da na'ura. Matar da ke ƙofa ta haska, na'ura ta ƙi. Ta sake, ta haska na biyu da na uku, sannan ta yi magana a hankali. Ni ban ji abin da ta ce ba. Kawu ne ya ji. Ya tsaya jim, ya cire tabarau ya goge da bakin riga, sannan ya juyo ya ce, "Ɗan nan, ta ce an riga an shiga da su tun da safe." Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, bari in kira shi." Ya ce, "Kira shi, amma mu matsa gefe, muna tare wa mutane hanya." Faransancin da ya koyar shekara talatin, magana ta farko da aka yi masa da shi a gindin hasumiyar ita ce wannan. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Yadda abin yake, tikitin takarda ce kawai da ake turawa ta waya. Mutum zai sayi na gaske guda ɗaya ya tura wa gida biyar, wanda ya riga isa ƙofa shi ne ya shiga, sauran sun yi asara. A ido ba ka bambancewa, don tambarin wurin da rana da awa duk suna jiki. Na'urar ƙofa kaɗai ke sani, lokacin kuwa kuɗinka ya yi sati biyu da tafiya.

Na kira, ya ɗauka, har da salati. Ya ce matsalar na'urarsu ce, ana yawan samu, mu sayi wani a taga zai mayar mini da kuɗin, gobe kuma shi da kansa zai jira mu a Louvre ƙarfe goma. Muka bi layin taga sama da awa ɗaya, muka saya a kan ɗan sama da Yuro 35 kowane mutum har ƙoli. Alhamdu lillahi Kawu ya hau. Ya daɗe riƙe da ƙarfen yana kallon gari, yana nuna wa Inna wuraren da ya sani a littafi yana kiran sunayensu.

Talata muka isa gaban dalar gilashin nan ta Louvre tun kafin goma. Mutane na ɗaukar hoto a fili, amma ba layin shiga, ƙofa a rufe. Louvre ba ya buɗewa ranar Talata, kowane mako, kuma a rubuce yake a shafinsu da bakin ƙofarsu. Tikitin da ke wayata kuwa Talata aka rubuta. Wannan ko sayen sa bai yi ba, tsohon tikiti ya samu ya gyara kwanan wata. Na kira, ba ta shiga. Na tura saƙo, hotonsa ya ɓace daga WhatsApp. Ya toshe ni.

Daga nan sauran ƙaryar ta riƙa warwarewa da kanta. Shiga Louvre a lokacin Yuro 22 ne, kuma wanda bai kai shekara 18 ba kyauta yake shiga. Tun watan Janairun 2026 an mayar da shi 32 ga baƙin da ba 'yan Turai ba, saboda haka ku duba shafinsu kafin ku yi lissafi. Jirgin ruwa na zagayen awa ɗaya a Seine bai kai Yuro 20 ba, a bakin kogin ake saye. Notre-Dame, da aka sake buɗewa a Disambar 2024 bayan gobarar Afrilun 2019, shiga cikinta kyauta ne. In aka haɗa kuɗin duk abin da ake biya na gaskiya har da tasi, mu ukun bai kai rabin abin da na tura ba.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na masallaci. Ranar Juma'a muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 7, muka sauka a Place Monge, muka taka zuwa masallacin. An buɗe shi a 1926, an gina shi ne don tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a yaƙin duniya na farko. Muka cire takalma muka shiga sahu kamar kowa. Ba rajista, ba tikiti, ba wanda ya tambaye mu sisi. Cunkoso akwai, maganinsa zuwa da wuri. Mutumin nan ya karɓi kuɗi a hannun Musulmi da sunan sayar masa da wurin sallah, yana rantsuwa da Allah cikin kowane saƙo.

Masu wala-wala na kan titi ma suna nan, amma su da sauƙi. A matakalar cocin Sacré-Cœur da ke unguwar Montmartre akwai masu kama hannunka su ɗaura maka zare, sannan su ce biya. Kusa da Eiffel akwai masu caca da kofi uku da ƙwallo, waɗanda kake gani suna ci duk yaransu ne. Akwai 'yan mata masu takardar sa hannu, kana rubutu wani hannun na cikin aljihunka. Waɗannan da ka ƙi tsayawa shi ke nan. Sun gwada mu, ba wanda ya ci ko kwabo, don jikinmu ya ba mu tun daga nesa. Wanda ya cuce mu shi ne wanda ya yi mana sallama da harshenmu. Baƙo ko da ido makaho ne, dole ya nemi ɗan jagora, shi kuma a nan yake ɗana tarkonsa. Wannan ita ce zamba cikin aminci.

Ban ce duk Bahaushen da ke zaga da baƙi a Faris macuci ne ba. Akwai mutanen kirki, 'yan Nijar da 'yan Najeriya, mun haɗu da wasu a kasuwar Château Rouge, wani ma ya bar rumfarsa ya raka mu har tasha. Amma duk wanda ya ce sana'arsa ce, to sana'a a Faransa tana da shaida. Mai yi wa mutane bayani da kuɗi a cikin gidajen tarihi sai yana da katin gwamnati da ake kira guide-conférencier, mai harkar kasuwanci kuma yana da lambar rajista ta SIRET da kowa zai iya dubawa. Ku ce ya nuna. Ku ce ya kira ku ta bidiyo yana tsaye a titi, don lambar +33 a WhatsApp ba ta nuna inda mai ita yake zaune. Ni har yau ban taɓa ganin fuskarsa tana motsi ba, duk sanda na nemi bidiyo sai ya ce yana wurin aiki. Tikiti kuwa ku saya da kanku a shafin wurin, toureiffel.paris ko louvre.fr. In katinku ya ƙi, ku nemi katin dala a bankinku, ko ɗan'uwan da kuka san gidansu ya biya muku, ko ku bi layin taga kamar yadda muka bi daga ƙarshe. Ladan ɗan jagora kuma hannu da hannu, bayan an gama yawo. Da zarar an ce ku tura naira ko sefa asusun ƙanwa ko na aboki, ku tsaya a nan.

Da muka dawo na kai ƙorafi bankina da rasit da saƙonnin muryarsa, na kuma rubuta wa hukumar EFCC. Kuɗin dai an kwashe su daga asusun tun ranar da suka shiga. Na kai rahoton sabon shafin ga Facebook, na kuma rubuta wa baiwar Allahn nan a ƙarƙashin tambayarta cewa kada ta tura komai. Ba a yi minti goma ba aka goge abin da na rubuta, aka toshe ni a can ma. Ban san ko ta gani ba. Idan kuna da 'yar'uwa da ke shirin tafiya Faris su huɗu cikin 'yan kwanakin nan, don Allah ku tura mata wannan, ku kuma kira ta ku tabbatar ta karanta.