Saitin kebul ɗin Cat6 da filaya da testa: biyu sun yi, ɗaya bai yi ba

Jama'a duk mai shirin jan wayar intanet a gida ya ɗan tsaya kafin ya biya kuɗin kebul. Saitin da na saya ya zo da kwalin kebul mai mita 305 an rubuta Cat6 (wani matakin ingancin kebul ɗin intanet) a jiki ɓaro-ɓaro, da filayar matse kai, da ƴar testa mai fitilu takwas, sai ledar kawunan RJ45, wato kan da ake matsewa a bakin kebul a soka a kwamfuta ko rauta. Dalilin shiga wannan hidima kuwa kowa ya san shi, rauta tana falo, kafin Wi-Fi ya ratsa bango biyu ya iso ɗaki ya galabaita, ana tsakiyar kallo talabijin ta tsaya tana ta juyi, firinta kuma yau ta ga netiwok gobe ta ce sam ba ta san shi ba. Cikin zangon Wi-Fi biyu, 5GHz akwai gudu amma bango na cinye shi, 2.4GHz yana ratsawa amma na maƙwabta duk a kansa suke, to abin da ba ya motsi gara a ba shi waya kawai a huta.

Filayar dai ba ni da ƙorafi a kanta. Irin wadda wayoyin nan takwas suke leƙowa ta gaban kan ce, ka duba launukan da idonka kafin ka matse, tana matsewa tana datse rarar lokaci guda. Tsarin jera launukan iri biyu ne, T568A da T568B, ni B na bi: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ko A ka bi ko B duk yana aiki, muddin bakin nan da na can tsari ɗaya ne a duk gidan. Kuma kar ka warware murɗin wayoyin da tsawo, murɗin nan shi ke kare siginar daga hayaniya.

Testar ma ta biya kuɗinta. Akwai layin da kwamfuta ta nuna gudun 100 Mbps maimakon 1000, ina sa testa sai ga fitila ta 7 ba ta kamawa. Abin da yake faruwa shi ne gudun 100 wayoyi huɗu kawai yake buƙata, gigabit kuwa, wato 1000 ɗin, sai duka takwas ɗin sun taɓa, shi ya sa intanet zai zo ka zaci komai lafiya alhali kashi ɗaya cikin goma na gudun kake samu. Amma fa iyakar saninta ke nan, ta gaya maka waya ta haɗu ko ba ta haɗu ba. Ingancin kebul ko gudunsa ba ruwanta, kuma kar a kuskura a soka ta a layin da ke ɗauke da wutar PoE, wato wutar da ake turo wa na'ura ta cikin kebul ɗin intanet, tana iya ƙonewa.

To kebul ɗin ne matsalar. Tun wajen ɗaga kwalin na ji bai kai nauyin da ya kamata ba, da na kankare waya ɗaya da wuƙa sai jan ya tafi farin ƙarfe ya bayyana a ciki. Alminiyom ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, wanda ake kira CCA, kyan ɗan maciji ke nan. Ƙa'idar Cat6 jan ƙarfe zalla ta ce, don haka rubutun jikin kwalin ƙarya ne kawai. Alminiyom bai kai jan ƙarfe ɗaukar wuta ba, in layin ya yi tsawo sigina ta raunana, in ka ɗora masa kyamarar tsaro mai shan wuta ta kebul ya riƙa ɗumi, ga saurin karyewa, lanƙwasa biyu uku ya tsinke a cikin kai. Na yi wa mai sayarwar magana wai ai duk ɗaya ne kowa shi yake saya. Wallahi ba ɗaya ba ne, ballantana abin da za a binne a bango a shafe da filasta.

Tunda an zo nan, in gini kake yi ka sa fayif mai faɗi ka bar igiyar ja a ciki, kowane ɗaki layi biyu ko da ɗaya kake buƙata yau, duk su taru wuri guda inda suwic, akwatin da ke haɗa layukan, zai zauna, kuma ka rubuta sunan ɗaki a bakin kowane kebul gaba da baya don in silin ya rufe ba mai tuna wanne ne wanne. Kar layi ya wuce mita 100, kar ya jera da wayar wuta a fayif ɗaya. Cat6 na gaske yana kai gigabit 10 zuwa wajen mita 55, Cat6A har 100 amma kauri da taurinsa sai ka yi gumi a kwana, gidan zama dai Cat6 ya wadatar.

Filaya da testa na riƙe su. Kebul na mayar na ƙara kuɗi na karɓo na jan ƙarfe zalla, shi ma sai da na kankare bakinsa a gaban mai shagon kafin na ɗauka.