Google Lens a wayata: abin da yake kamawa da abin da ya fi ƙarfinsa

Ni ce ke riƙe da zauren WhatsApp na matan unguwarmu, mu kusan saba'in, kuma duk wadda ta taɓa ɗaukar wannan nauyi ta san irin abin da ake jefowa tun daga asuba har dare ya raba. A watan Satumbar 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, wata baiwar Allah ta turo hoton mata tsaye cikin ruwa iya ƙirji, da yara a kafaɗa, a ƙasa kuma ga lambar asusu da roƙon a taimaka don Allah. Kafin azahar mutum huɗu sun tura kuɗi. Ni ma har na buɗe manhajar banki, sai ƙanina ya ce, "Yaya, dakata tukuna, kawo wayar."

Manhajar Google ya buɗe, ya taɓa ɗan hoton kyamarar da ke gefen wurin rubutu, wato Google Lens mai nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, ya zaɓi hoton. Ba a yi minti guda ba sai ga shi a shafukan jaridu barkatai, duk kan ambaliyar Pakistan ta 2022. Jikina ya yi sanyi. Bala'in Maiduguri gaskiya ne, mutane na kwana a makarantu, amma wani mara tsoron Allah ya ɗauko tsohon hoto yana cin kasuwarsa da hawayensu.

Tun daga ranar ba na barin hoto ya kwana a zauren ban bi diddiginsa ba. Lens ɗin kyauta ne, ba ya shan data sosai, kuma ba sai ka iya Turanci ba, don kwanan wata da sunan gari kawai kake nema. A nan ne ya fi burge ni: tsohon hoto da aka sa wa sabuwar riga ba ya tsere masa. Hatsarin mota na shekarun baya da aka ce na jiya ne, hoton marar lafiya da ake yawo da shi gari-gari ana karɓar sadaka, atamfar da mai talla ta rantse tana shagonta alhali daga wani shafi ta kwafo, duk na kama. Har bidiyo ina gwadawa, in tsayar da shi in ɗauki hoton fuskar wayar in ba shi. Da haka na gano wani da aka haɗa da fuskar Aliko Dangote, wai yana kiran jama'a su zuba jari a ninka musu. Hoton na wata tsohuwar hira ce, baki da muryar kuwa na'ura ce ta ɗora.

Sai dai hoton da ƙirƙirarriyar basira, wato AI mai haɗa hoton abin da bai faru ba, ta zana yanzu-yanzu ba shi da tarihi, ba inda ya taɓa fitowa balle a nuna maka. An taɓa turo mana wani yaro zaune a kan rufin kwano yana rungume da ɗan akuya, ruwa ta ko'ina. Na ba Lens, ya kawo mini masu kama da shi kawai. Da idona na kama ƙaryar: na buɗa hoton sai na ga rubutun allon shagon da ke bayansa ba boko ba ne ba ajami ba, kuma ƙafar akuyar ta narke cikin hannun yaron. Don haka shirun Lens ba shaida ba ce cewa hoto na gaskiya ne. Ƙaryar da ta yi suna kam yana ganewa, irin hoton Fafaroma Francis cikin farar rigar sanyi na 2023, saboda masu bin diddigi sun riga sun yi rubutu a kai. Wadda aka haɗa don 'yan unguwa saba'in kawai, ita ce abar tsoro.

Murya kuwa ba hurumin Lens ba ce sam, kuma ita ta fi tayar mini da hankali. A 2024 a Hong Kong an sa wani ma'aikaci ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da fuskoki da muryoyin shugabanninsa na bogi. Idan aka yi wa masu ofis haka, ina ga Inna da ke jin muryar ɗanta tana roƙon kuɗin asibiti?

Duk da haka ina ba kowa shawarar ya koya, musamman masu riƙe da zaure. A namu yanzu mun yi doka: duk hoton da ya zo da lambar asusu ba a tura ko sisi sai an duba shi, an kuma kira wanda aka ce shi ne a lambar da muka sani. Makon jiya Hajiya Babba, wadda da ƙyar take karanta saƙo, ita ta fara kira na tana cewa, "'Yar nan, duba mana wannan kafin a yi asara."