Fibonacci, Elliott ko Gann: wanne ya cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya shiga kasuwancin canjin kuɗaɗe ta intanet ba ya rufa wata guda sai an tallata masa "sirrin lissafin halitta". Hajar da ake yawo da ita huɗu ce: layukan Fibonacci, igiyoyin Elliott, kusurwoyin Gann, da siffofin hamonik. Duk na taɓa su, ɗaya kawai ya rage a jadawalina.

Fibonacci ne, kuma ko kwabo ba a biya, yana cikin manhajojin kallon farashi irin su MetaTrader da TradingView. Asalinsa jerin lambobi ne, 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21, 34, 55, 89, kowace lamba jimillar biyun da suka gabace ta. Leonardo na Pisa a Italiya ne ya sanar da Turawa shi a 1202, da misalin haihuwar zomaye. Shi kansa a Bijaya ta Aljeriya ya koyi lambobin Larabawa, masanan Indiya kuma sun riga shi sanin jerin. Raba 55 da 89, ka samu 0.618. Raba 34 da 89, ka samu 0.382, 21 da 89 kuma 0.236. Layukan ke nan da kake gani a manhaja, an mayar da su kashi cikin ɗari: 61.8, 38.2 da 23.6. Na kashi 50 kuwa agola ne, ba daga jerin ya fito ba, 'yan kasuwa ne suka cusa shi.

A ce yuro ya tashi daga dala 1.0800 zuwa 1.1000, sannan ya fara ja da baya. Ka ja ma'aunin daga gindi zuwa ƙololuwa: layin 38.2 zai faɗo wajen 1.0924, na 61.8 wajen 1.0876. Idan farashi ya sauko nan ya tsaya, ya nuna alamar juyawa, ina iya shiga, in ajiye iyakar asarata ƙasa da 1.0800. Abin da ya sa nake son sa ke nan: tun kafin in shiga na san ƙofar fita da nawa zan rasa. Masu talla kan ce ana ganin lissafin nan a jikin dodon koɗi da furanni, amma ni ban yarda cewa sun san farashin yuro ba. Idanu ne suka yi yawa a kan layukan, shi ya sa wani lokaci kasuwa kan yi tuntuɓe a wurin, wani lokaci kuma ta wuce kamar ba ta gan su ba. Aibinsa shi ne kai ke zaɓar gindi da ƙololuwa, mai son zuciya kuwa zai yi ta matsar da su har su faɗa masa abin da yake son ji.

Elliott, wani akanta ɗan Amurka, ya ce farashi na tafiya igiya biyar gaba, uku baya. Tara gwanayensa biyar, za su ba ka ƙirga shida. Kusurwa mai digiri 45 ta Gann, wani ɗan kasuwa Ba'amurke, kuwa, ka ɗan ja jadawalin a allo ta koma wata aba. Hamonik, da ya samo tushe daga littafin wani mai nazarin kasuwa, Gartley, a 1935, Fibonacci ne ya sha babbar riga, sai ka yi mako kana jiran siffar malam buɗe littafi ta fito a jadawali.

Inda aka yanke ni shi ne na kuɗi. Wani mai zaure a Telegram ya sayar mini da "Fibonacci mai sarrafa kansa", ina ganin kibiyoyi a hotunansa, kowace ta sauka daidai inda kasuwa ta juya. Ashe idan manhajar ta yi kuskure goge kibiyar take yi, ta sake dasa ta a inda ya dace bayan komai ya wuce. Sai da asusuna ya rabe biyu na gane. Tun daga ranar, duk ma'aunin da aka kawo mini sai na ɗora shi a asusun gwaji, in ɗauki hoton allo da safe, in kwatanta da yamma. Layin da ya matsa daga inda yake, an gama magana.

Ka lura kuma da mai cewa sigina, wato saƙon lokacin saye ko sayarwa, kyauta ne, amma sai ka yi rajista da dillalinsa. Lada yake ci a kan cinikinka, ka ci riba ko ka faɗi, shi ya sa yake tura ka shiga sau goma a rana. Mai cewa ka kawo kuɗin ya juya maka, ya fi kowa haɗari. CBEX, wata manhajar zuba jari ta intanet, ta yi wa mutane alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rufta da su a Afrilun 2025. Hukumar kula da kasuwannin hannun jari ta Turai ma, da ta ƙayyade bashin dillalai a 2018, ta ce kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na asusun ƙananan 'yan kasuwa asara suke yi. Wanda ya ce maka nasa lissafin ba ya faɗuwa, nemi ya nuna maka tarihin asusunsa na shekara guda, ba hoton mota ba.

Idan batun kuɗin ruwan da ake cirewa a kan cinikin da ya kwana na damunka, tambayi dillali asusun da ba a cire kuɗin kwana, ka karanta sharuɗɗansa da kyau, don wasu sukan dawo da kuɗin da sunan cajin gudanarwa.