Cajar wat 65 da na saya a Farm Centre: wa ta dace da shi, wa zai yi asarar kuɗinsa

Ina da ɗan gidan gem a Gwammaja, PS4 uku da PS5 ɗaya, sai Nintendo Switch da ƙanena ya aiko min daga Dubai, wadda ba na bari yaran da ke zuwa shago su taɓa. Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san na'urar kanta sau ɗaya ake saye a huta. Abin da ke tsotse ciniki a hankali shi ne fad, wato abin da ake riƙewa a hannu ana buga gem, da kan caja da kebul. Abokai sun dame ni da tambaya a kan farar cajar nan mai baki uku da suke gani a teburina, shi ya sa na ga gara in rubuta kowa ya karanta.

Wat 65 ce, irin wadda ake rubuta GaN a jikinta, bakin Type-C biyu da bakin USB irin na da guda ɗaya. Anker da Ugreen da Baseus duk suna yin irinta, kuma ba zan faɗi wanda ya yi tawa ba tunda ba kuɗin talla aka ba ni ba. GaN ɗin sinadari ne da aka yi kayan cikinta da shi a maimakon silikon, ba ya ɓarnar wuta ta zama zafi kamar na da, shi ya sa suka iya matse wat 65 a abin da tafin hannu zai rufe. Kuɗinta ya ɗaga min hankali, don zai sayi ƙananan caja biyar ko shida. Abin da ya sa na zaro kuɗin shi ne mai shagon da na same ta a wurinsa a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano.

Saurayi ne, shagonsa ɗan ƙarami a can ciki, bayan layin masu gyaran gilashin waya. Da na ce ina son caja mai ƙarfi, bai miƙo min komai ba.

"Yallaɓai, me da me za ka riƙa sa mata?"

Na lissafa masa: Samsung ɗina, Infinix ɗin uwargida, Switch, da fad-fad na shago.

"To fad ɗin cire su daga lissafi. Ba sa bukatar wannan. Kawo wayar mu gani."

Ya jawo wata 'yar na'ura kamar filashi mai ɗan allo, ya sa ta tsakanin caja da kebul, ya jona wayata. Lambobi suka fito, bolt a sama, amfiya a ƙasa, wat a gefe. Ya fara da wata caja da aka rubuta wa 45W da manyan haruffa a kwali, irin wadda ake tallarta a danja. Allon ya tsaya a bolt 5, wat bai kai 8 ba. Ya cire ya sa wannan farar, bolt ya haura 9, wat ya wuce 20, wayar ta rubuta cewa tana caji mai saurin gaske. Daga nan ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko gawar wata jabu da ya fasa don nuna wa masu saye. A ciki akwai ɗan guntun ƙarfe da aka manne da gam, ba a haɗa shi da komai ba, aikinsa kawai ya sa ka ji nauyi a hannu ka ce orijina ce. Masu auna caja da tafin hannu sai su sake lale.

Wannan gwajin shi ne abin da na fi yaba wa shagon. A kasuwar waya kowa zai rantse maka, amma wanda zai jona maka kaya ka gani da idonka kafin ka biya ba su da yawa.

Shi ya koya min karanta ƙananan rubutun da ke jikin caja, waɗanda sai ka kanne ido. Layin da aka rubuta Output shi ne gaskiyar caja. A tawa an jera 5V 3A, 9V 3A, 12V 3A, 15V 3A, 20V 3.25A. Ka ninka bolt da amfiya ka samu wat: 20 sau 3.25 ya ba ka 65. In ka ga kwali ya ce wat 45 amma jikin cajar 5V 2A kaɗai aka rubuta, to wat 10 ce, sauran ƙarya ce. Kuma caja ba ta ɗura wa waya wuta da ƙarfin tsiya. Ciniki suke yi kamar a Kantin Kwari: caja ta faɗi abin da take da shi, waya ta zaɓi wanda za ta iya ɗauka, in ba su daidaita ba a koma bolt 5 a yi ta tafiyar hawainiya. Saboda haka mai tsoron wat 65 za ta ƙona masa ƙaramar waya ya kwantar da hankalinsa, muddin cajar ta kirki ce. Yaren da suke cinikin da shi ana kiran sa PD, kuma shi ya kamata ka nema a rubuce.

A kan Switch ne ta biya kuɗinta. Cajar da Nintendo ke sakowa a kwali tana ba da 15V 2.6A, wato wat 39, kuma mazaunin da ke kai hoto talabijin ba ya tashi sai ya samu bolt 15 ɗin nan. Cajar waya ta gama-gari za ta ɗan cika maka batir in kana riƙe da ita a hannu, amma ka sa ta a mazauni allon talabijin zai tsaya baƙi. Tawa tana da layin 15V 3A, na jona ta kai hoto ba gardama, muka buga Mario Kart da yarana har dare. Mai Steam Deck, wata na'urar gem ta hannu irin Switch, shi ma za ta ishe shi, don wat 45 take sha.

Samsung kuwa yana da nasa sharaɗin. Don ya ba ka wat 25 ɗinsa cikakke sai cajar tana da abin da ake rubutawa PPS, kuma wannan tana da shi. Ku duba wannan kafin ku biya, musamman tunda tun daga S21 a 2021 manyan wayoyinsu ba sa zuwa da kan caja a kwali, kamar yadda Apple ya fara da iPhone 12 a 2020. Maƙwabcina mai iPhone 15, wadda ita ce iPhone ɗin da ta fara zuwa da bakin Type-C a 2023, yakan shigo ya ɗana tasa, kafin mu gama shayi ta kai rabi.

Wayar uwargida ce ba ta ga wani abin a zo a gani ba. Tana caji lafiya, amma ba ta kai saurin cajar da ta zo da ita ba. Haka abin yake a wayoyi da yawa da ake rubuta wa wat 45 ko 67 ko 120: saurin nan na musamman tsakanin wayar ne da cajar gidansu da kebul ɗin gidansu. Masu Redmi da Oppo da Realme su lura da wannan sosai. In cajarka ta asali tana nan da ranta, riƙe abarka, babu wata ta waje da za ta fi ta a kan wayarka.

Yanzu abin da ba na so. Wat 65 ɗin nan baki guda ne ke ba da shi, in shi kaɗai ke aiki. Da ka ƙara na biyu sai ta raba, 45 a na sama, 20 a na ƙasa, kuma a lokacin da take rabon tana ɗauke wuta na ɗan daƙiƙa ta dawo. A waya ba za ka damu ba. Amma kana tsakiyar tsere a Switch wani ya zo ya soka wayarsa, sai hoton ya ɗauke daga talabijin. An rubuta rabon a takardar cikin kwali, sai dai wa ke karanta takarda? Na biyu, tana da ɗan nauyi, a soket ɗin bango da ya kwance tana rinjayowa ƙasa. Na uku, ba ta zo da kebul ba, da duk tsadarta.

Kebul ɗin nan shi ne inda aka fi cutar mutane, kuma shi aka fi rainawa. Type-C na yau da kullum amfiya 3 yake ɗauka, iyakarsa wat 60. Wanda zai wuce haka sai mai amfiya 5, mai ɗan guntun kwakwalwa a kansa da ke shaida wa caja cewa zai iya, galibi ana rubuta masa 100W ko 5A. Na arha kuma zaren tagullar da ke ciki siriri ne, wuta na raguwa a hanya, in ya yi tsawo abin ya ƙara lalacewa. Mai shagon ya gwada min da caja ɗaya da waya ɗaya, ya canza kebul kawai, wat ya faɗo kusan rabi. Na sayi mai saƙar zare a jiki, mita biyu, kuma har yanzu wuyansa bai karye ba duk da jan da yake sha.

Ga 'yan'uwana masu gidan gem, maganar fad a taƙaice take. Juya fad ɗin PS4 ka duba bayansa, 5V 800mA aka rubuta, batirinsa 1,000mAh ne, bakinsa irin na Android na da. Na PS5 Type-C ne, 5V 1500mA, batir 1,560mAh. Duk bolt 5 suke sha, don haka ɗora su a kan cajar wat 65 almubazzaranci ne. Caja ta kirki mai 5V 2A ta wadatar, irin ta Oraimo ɗin nan da ke ko'ina, wanda dama gida ɗaya suke da Tecno da Infinix da Itel, wato Transsion. Ni na sayi mai baki da yawa na kafe ta a ƙarƙashin benci. Abu ɗaya da ke rikita sababbin shiga: akwai kebul da caji kawai yake yi, ba ya ɗaukar bayani. Da irinsa fad zai kawo wutar ruwan lemo yana caji, amma ba zai taɓa haɗuwa da PS4 ba in sabon haɗi ne. Na ga wanda ya ɗauki fad lafiyayye ya kai wa mai gyara saboda wannan.

Sai 'yan PUBG da Free Fire da eFootball, masu bugawa waya na jone. Caji mai sauri yana kawo zafi, gem yana kawo nasa, ga Kano a watan Afrilu ana haura digiri 40 a inuwa. Apple da kansa ya ce wayarsa an yi ta ne ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35. Batirin da ke shan irin wannan gashi kullum shi ne yake kumbura ya ɗago murfin baya. Babbar caja ba ta magance wannan, tana ma iya ƙarawa. Wasu wayoyin, irin su Infinix Note 30 da jerin GT, da manyan Samsung na baya-bayan nan, suna da tsarin da wuta ke tsallake batir ta tafi kai tsaye ga injin wayar lokacin gem. In wayarka na da shi ka kunna, na Samsung ma sai da caja mai PPS yake aiki. In ba ta da shi, cika ta tukuna, cire kwabarta, sannan ka shiga fage.

Wutarmu ma sai an yi maganarta. A jikin cajar an rubuta tana karɓar 100 zuwa 240V, shi ya sa ko an kawo wutar nan mara ƙarfi da fanka ke juyawa da ƙyar, ita tana aikinta. A kan inbata da sola ma ban ga matsala ba. Abin da ba ta da maganinsa shi ne wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, ko ƙaramin janareta da ke hawa yana sauka in mai ya kusa ƙarewa. Ni duk kayana suna bayan abin kariya, kuma da an ɗauke wuta yaron shago ya san aikinsa na farko shi ne kashe soket. Wajen saye kuma ku nace a kan mai ƙafa uku irin ta Ingila, wadda ta dace da soket ɗinmu. Irin wannan cajar tana zuwa da ƙafa biyu ma, kuma tana ɗan fi araha, amma ƙarshenta ka koma zura murfin biro a ramin sama kana cusa ta, ko ka ɗora ta a adafta mai rawa tana tartsatsi. Nauyinta ba na adafta ba ne.

Na tambaye shi fawa banki ma, ko da yake ban saya ba. Ya ce kar in yi lissafin 20,000mAh zai cika wayar 5,000mAh sau huɗu, domin wajen ɗaga wuta daga bolt 3.7 na batirin ciki zuwa abin da waya ke karɓa ana asarar wani kaso, in ka samu sau uku ka gode Allah. Mai shagon da zai rage wa kayansa daraja da bakinsa, ai ka san za ka koma.

Wanda yake da Switch ko Steam Deck, ko kwamfutar cinya mai caji da Type-C, ko Samsung da iPhone a gida ɗaya, wannan cajar za ta raba shi da tarkacen caja uku a jaka. Mai Itel ko ƙaramar Tecno da wat 10 ko 18 take sha, ya sayi ta daidai shi, ya sa ragowar kuɗin a kebul mai kyau.

Shagon yana ba da garanti, amma na baki ne sai ka ce a rubuta. Na sa ya rubuta min a rasit da kwanan wata da lambar da ke jikin cajar, ya kuma ce in ajiye kwalin, don ba ya karɓar kaya ba kwali. In za ku je ku tafi da wayar da na'urar da za ku riƙa cajawa a gwada a gabanku, kuma ku je da hantsi, domin bayan la'asar layin nan ko wurin tsayawa babu, balle ya samu sukunin jawo muku na'urar awo.